Markus Ɗan Maccido

Ɗan ina ne mutumin da aka binne cibiyarsa a wani gari, kakanninsa kuma suna kwance a wani? Malam Barnabas ya tsufa yana ba yara amsoshi, amma wannan tambaya ta gagare shi, kuma ba shi kaɗai ta gagara ba.

Daga Fankshin ta ƙasar Filato ya zo Sakkwato yana saurayi, malamin lissafi a firamare, ya kama haya a gidan Alhaji Maccido mai hatsi a Ƙofar Kware. Nan aka haifa masa Markus. Uwar ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe, sai Kulu matar Maccido ta haɗa jaririn da nata goyon, Siddiƙu, ta shayar da su tare.

Shekarar da soja suka ƙara yanka jihohi, kuɗin mai na ta zuba, asibitoci na tsirowa a ƙauyuka babu masu duba marasa lafiya. Sai aka buɗe makarantar koyon aikin mataimakin likita, aka sa jarrabawar shiga. Barnabas ya zaunar da samarin biyu a zaure, kullum bayan la'asar yana yi musu bita. Yakan ce musu jarrabawa ba ta san ɗan kowa ba, maki kawai take gani.

Markus ya ci saba'in da takwas, Siddiƙu arba'in da huɗu. Aka ɗauki Siddiƙu.

Barnabas ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya tafi makarantar. Akawu ya tarbe shi da fara'a. "Malam, makin ɗanka har shugaba ya yaba. Sai dai guraben na 'yan jiha ne. Na baƙi biyu ne, kuma sun cika."

"Baƙo? A Ƙofar Kware aka haife shi."

"Kai fa, ina aka haife ka?"

Da yamma Maccido ya same shi a ƙofar gida. "Ticha, kai dai boko ya ɓata ka. Nonon Kulu yas sha. A addininmu ɗana na, ko ɗiyata ba shi iya aure. Mu tai wurin uban ƙasa in ce ɗana na, mu kai shedu biyu, a rubuta Markus Maccido, magana ta ƙare. Ba wanda zai taɓa mai addini nai."

"Sunana fa, Alhaji?"

"Sunanka allura yaka yi ko magani yaka badawa?"

"Ba zan tsaya gaban mutane in ce ɗana ba nawa ba ne. Ya sake zana jarrabawar. Idan makin ya yi yawa, kunya za ta kama su."

Maccido ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Kunya? A ofis?"

Markus ya shiga neman aiki. Ya sami aikin fasa dutse a kamfanin siminti na Kalambaina, yana dawowa gashinsa fari fat kamar tsoho, ya yi wanka ya ɗauki littafi. Da shekara ta zagayo ya ci tamanin da shida, ba wanda ya kamo shi. Akawun nan dai, da fara'ar nan dai, ya ce guraben baƙi sun cika. Ya ƙara da cewa baɗi shekarun Markus sun wuce na shiga, amma in shaidar uban ƙasa ta iso kafin ƙarshen wata, shi ne na ɗaya a jiha.

Barnabas ya yi ta juya maganar. In Markus ya shiga, wani yaro mai maki arba'in, wanda ubansa bai yi ƙarya ba, zai rasa gurbi. In bai shiga ba, mai arba'in ɗin ne zai riƙa auna wa jarirai magani a ƙauye. Ya rasa wanne ne zunubin da ya fi sauƙin ɗauka, shi da yake tsayawa karanta Littafi a coci ran Lahadi.

Ran Asabar Siddiƙu ya zo hutu. Barnabas ya hange shi ya tuɓe farar rigar makaranta tun daga bakin lungu, ya cusa a jaka. Can an jima ya jiyo su a zaure, Siddiƙu na roƙon Markus ya nuna masa yadda ake lissafa magani da nauyin yaro.

"Kai, likita, ashe har yau raba lamba na ba ka kashi?" in ji Markus, yana dariya, tari na katse shi.

Da Siddiƙu ya fita, Barnabas ya leƙa. "Wannan tarin ya daɗe. Ka je asibiti."

"In tai Siddiƙu shi duba ni?" Markus ya ɗago ido. Hausarsa ta Sakkwato ce tsantsa, wadda uban bai taɓa iyawa ba. "Kak ka damu, Baba. Sunanka na nan lahiya lau, ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

Ran Litinin zauren uban ƙasa ya cika da masu ƙarar gona da masu gaisuwa. Maccido ya yi bayaninsa, limamin unguwa ya shaida shayarwar Kulu. Saura shaida na biyu, wanda ya san yaron tun ranar haihuwa. Barnabas ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Rabin mutanen zauren shi ya koya wa 'ya'yansu lissafi, duk suka sunkuyar da kai.

Uban ƙasa ya daɗe yana kallonsa. "Malam, wanga yaro ɗan wa na?"

"Ɗan Alhaji Maccido ne, ranka ya daɗe."

Magatakarda ya ɗaga alƙalami. "Kai kuma mi ka haɗa ka da shi?"

Barnabas bai dubi inda Markus yake zaune ba.

"Malaminsa ne," ya ce.