Ƙafar Anton Brandhorst

A zamanin da ake ba da labarinsa, mai cafkar ƙwallo a wasan besbol ba ya ɗaura komai a ƙaurinsa. Yakan tsuguna bayan mai bugu, a wurin da ake kira gida, da ɗan safar hannu da wata ragar ƙarfe a fuska, sauran jiki kuwa ya bar wa Allah. Aikin Emil Brandhorst ke nan a ƙungiyar Maƙera ta garinmu, Ashport. Ƙato ne marar yawan magana, yatsunsa sun karye sun warke har sun karkace. Ƙanensa Anton shi ke tsaron tasha ta biyu, cikin ukun da mai gudu ke takawa kafin ya dawo gida ya ci maki, kuma duk wanda ya ga guduwarsa ya san ya fi yayan nisa.

Bazarar da ta gabaci shekarar da muka ci tutar zakarun gasa, 'yan ƙungiyar Baƙaƙen Huluna na garin Dunmere suka zo mana wasa. A cikinsu akwai Silas Corrigan, mutumin da kan zauna a benci gaban kowa yana goga magagari a ƙusoshin takalminsa don a gani. Ranar ya taho da gudu zuwa tasha ta biyu. Ƙwallo ta riga shi, Anton ya taka tasha, alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya fitar da Corrigan. Duk da haka Corrigan ya zube ya sulalo da ƙafa a sama, ya yage ƙaurin Anton har ƙashi. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Yaro, ka riƙa kauce wa manya."

Ciwon ya ruɓe. Kafin sanyi ya shigo likita ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Shugabannin gasa suka zauna suka ce tsautsayin wasa ne.

Lokacin sanyi Emil ya koma maƙera yana ɗaukar ƙarfe daga safe zuwa yamma, yana cin nama da dankali kamar mutum uku, har rigarsa ta wasa ta daina shigarsa. Idan ya dawo gida sai ya tarar da Anton bakin taga yana gyaran takalman mutane, ƙafar katako jingine da bango. Ba sa zancen Corrigan. Amma duk lokacin da Emil ya ji ƙwas-ƙwas ɗin katakon nan a kan daɓe, sai abincin da ke bakinsa ya koma masa kamar toka.

Da aka buɗe sabuwar gasa, Maƙera suka fara cin wasa kamar ba su ba. Mai jifarsu, wani dogon bamaƙeri mai suna Hollis, ya gano yadda zai sa ƙwallo ta karkace gab da gorar mai bugu, Emil kuma ya san kowane mai bugu da irin jifar da ke ba shi tsoro. Suka riƙa bin garuruwa a jirgin ƙasa, suna kwana a masaukai masu kuɗin cizo, suna dawowa da nasara. Emil ya sake karya yatsa a tsakiyar bazara, ya ɗaure shi da na kusa da shi, bai huta ko wasa ɗaya ba. Mutane suka ce son tuta ne.

Sun haɗu da Dunmere sau da dama, amma dama ba ta samu ba. Ko dai a fitar da Corrigan tun da wuri, ko ya shigo gida a tsaye ƙwallo na can nesa. Duk zuwan da zai yi bugu sai ya tofar da ruwan taba kusa da takalmin Emil.

"Ya jikin ƙanen naka? Na ji an ce yanzu takalmi ɗaya yake saya, ai ya huta."

Wata rana a jirgi Hollis ya zauna kusa da Emil ya rage murya. "Ka ba ni alama kawai. In saita masa ita a bayan kunne, a ce hannuna ne ya zame."

"A'a," in ji Emil. "Ba na aron hannu a wannan."

Ƙarshen gasa ya zo ƙungiyoyin biyu suna kunnen doki, wasa ɗaya ya rage, a filinmu. Aka rufe maƙera da masaƙa tun da hantsi. Waɗanda ba su sami benci ba suka hau rufin kekunan doki da bishiyoyin bayan shinge. Anton dai bai zo ba. Tun da aka fitar da shi daga filin nan kwance a kan ƙyauren katako bai sake bin hanyar ba.

Tsoho Pruitt, manajan Maƙera, ya tare Emil yana ɗaura raga. "Ka dube ni, ɗana. Na san abin da ke cinka. Tuta nake so yau. Gobe ka je ka ƙona Dunmere, ni zan ba ka ashana."

"Za ka samu tutarka, Baba."

Zagayen ƙarshe ya iso Maƙera na gaba da maki ɗaya. Hollis ya fitar da mutum biyu, saura ɗaya a gama. Sai ga Corrigan ya taso yana kaɗa gora. Duk yinin bai taɓa karkatacciyar jifar Hollis ba, ko sau ɗaya. Uku irinta, an gama, Corrigan ya hau jirgi da ƙafafunsa biyu sai baɗi.

Emil ya tsuguna ya ba da alamar miƙaƙƙiyar jifa, a tsakiya, irin wadda Corrigan zai iya bugawa. Hollis ya girgiza kai. Emil ya maimaita. Hollis ya sake girgizawa, sannan ya tsaya yana kallonsa, har alƙali ya ce su yi sauri. Ya jefa. Corrigan ya maka ta can kusa da shinge, ya tsaya a tasha ta biyu yana dariya.

Mai bugu na gaba ya buga wata gajeriya ta wuce tsakanin masu tsaro. Corrigan ya ɗiba a guje, ya zagaye tasha ta uku ko waiwaye bai yi ba. Emil ya cire raga ya jefar, ya kafa ƙafafunsa a kan hanyar gida. Da mai tsaron bayan fili ya karkata jifarsa ko da taki ɗaya, da tuta ta tafi Dunmere. Ƙwallo ta zo wa Emil daidai ƙirji.

Corrigan ya zube da ƙafa a sama kamar yadda ya saba. Emil bai kauce ba. Ƙusoshin suka nitse a cinyarsa, ya cafke ƙafar da hannu ɗaya ya murɗa ta gefe, ya dangwala masa ƙwallo, sannan ya saki duk nauyin da ya tara lokacin sanyi a kan gwiwar. Waɗanda ke benci na gaba sun ce sun ji ƙarar.

Alƙali ya ɗaga hannu ya fitar da Corrigan. Jama'a suka karya shinge suka cika fili. A ƙarƙashin hayaniyar Corrigan na birgima yana kiran uwarsa, Emil na durƙushe kusa da shi, jini na cika masa takalmi, yana kallonsa har aka zo aka janye shi.

A ɗakin canja kaya, ana ɗinke masa cinya, Hollis ya tsaya a kansa. "Da ƙwallo ta zame fa? Da wane ido za ka dubi mutanen nan?"

"Ba ta zame ba."

"Kai ba abokin tafiya ba ne, Emil." Hollis bai sake zama kusa da shi a jirgi ba, shekara ta zagayo ya nemi wata ƙungiya.

Da la'asar sakaliya, ana can ana zagaye gari da tuta da kaɗe-kaɗe, Emil ya ɗingisa ya shiga gida. Anton na bakin taga da basilla a hannu. Labari ya riga shi zuwa.

"An ce kun ci, Yaya."

"Mun ci."

"Shi fa? Za a yanke?"

"Likita ya ce a'a. Amma ba za ta sake lanƙwasuwa ba."

Anton ya ja zare ya ɗaure. "Ya yi kuka?"

"Sosai."

"To, zauna ka faɗa mini tun daga farko. Kada ka tsallake komai."

Shugabannin gasa suka sake zama, suka ce tsautsayin wasa ne. Corrigan ya ƙare a gadin ƙofar wani ramin kwal, yana jan ƙafa. Emil ya yi wasu shekaru yana cafka, kuma duk zuwan da Maƙera suka yi Dunmere sai an yi masa ruwan kwalabe, sai 'yan sanda sun raka shi tashar jirgi. Wani limamin coci ya taɓa tambayarsa, bayan ya tsufa, ko abin na damunsa. Ya ce sai dai cinyar, idan hadari ya haɗo.