Laba Arba'in a Kan Sikelin Kaka

Da kakanmu ya rasu, Kaka Verna ta ce bindigarsa ta ɗuri sai wanda ya fi haɗa harbi uku wuri guda daga yadi ɗari. Mu biyu muka fito, ni da Kawu Merle, ƙanen mahaifiyata. Ta ce mu riƙa gwaji, safiya tawa, yamma tasa.

"Darcy 'yar boko," in ji Kawu, "digirin ne zai ja miki kunama?"

Ni kuwa na san ciwon bindigar. Harsashinta yana sanye da 'yar rigar roba, kuma in ka danna shi kan albarushi yau da ƙarfi, gobe da sanyin hannu, kowane harbi garinsa daban. Shi Kawu dukan sandar ɗuri yake yi har ta yi tsalle, yana zagin harsashin da sunan tsohon surukinsa.

Na ɗauko sikelin banɗakin Kaka. In kafa gindin bindiga a kai, in danna sanda sai allura ta nuna laba arba'in, in tsaya. Bayan kowane harbi in lashi ƙyalle in goge bututun. Mako shida na yi haka a bayan gonar masara, cikin ƙanƙara. Kafaɗata ta yi shuɗi, harshena ya daina sanin ɗanɗanon kofi. Maƙwabta kan tsayar da mota su tambaye ni ko bindigar ta rame. Ko kwana ɗaya ban fasa ba.

Ranar Lahadi bayan coci aka kafa takardun auna harbi biyu a jikin tulin itacen Kaka. Kawu ya harba, ramuka uku, tafin hannu zai rufe su. Na harba nawa. Rami ɗaya.

Kawu ya fizge takardata yana kaɗawa. "Sauran biyun sun tafi jihar Nebraska, 'yata."

"Suna ciki, Kawu. Ƙofa ɗaya suka bi."

Kaka ta je wurin tulin, ta jawo kututture ɗaya ta zauna a kai. "Ga gatari, Merle. In uku ne, suna cikin itace."

Ya faskara ɗaya, babu komai.

"Ba wannan ba, ɗana. Gwada wancan."

Ya gwada wancan, da na kusa da shi. Ya cire riga. Rana ta karkata, Kaka tana nuni da sandarta, ni ina jera faskare a rumfa. Da ya gama faskara itacen hunturu kaf, sai ta miƙe ta karkaɗe siket.

"Au, ashe a kansa nake zaune."

Sara ɗaya ya yi wa kututturen da ta tashi a kai. Ga harsasai uku, kowane ya cusa hanci a bayan ɗan'uwansa. Kawu ya ƙirga su da yatsa sau biyu, sannan ya ɗauko bindigar ya miƙo mini ta gindi, yana haki.