Man Shanun Adda Hannatu

Gyaran keke nake yi a bakin kasuwar Sule Tankarkar, sunana Barau, kuma cikin masu kawo mini aiki babu mai ba ni ciwon kai kamar Bappa Dalhatu. Shi Bafulatani, ni Bamange, saboda haka tsokana ce gaisuwarmu. Kekensa ya girmi 'ya'yansa, amma ko birki ka ce a sauya sai ya ce cutarsa za ka yi.

Shi ya sa na yi mamaki da ya zo wata Litinin yana neman mariƙin gora, irin wanda ake ɗaurawa a sandar keke. Wandonsa duk fari-fari, ƙudaje na biye da shi.

Na ce, "Bappa, yau saniya ce ta yi maka wanka?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a benci ya faɗa mini abin da ke damunsa.

Matarsa, Adda Hannatu, ta yi ciwon shanyewar ɓarin jiki bara. Ta tashi, amma hannun dama bai dawo ba. Duk 'yarta da ta haihu, da man shanun da ta kaɗa da kanta ake ci mata tuwon jego. Ga shi autarsu Tayyiba ta haihu a Gumel, suna ranar Juma'a, Adda kuwa ba ta iya girgiza gora. Maƙwabta sun ce za su kaɗa mata, ta ƙi. Ta ce in ba da man hannunta ba, ba za ta je ta zauna a ɗakin 'yarta kamar baƙuwa ba.

"To kai ka kaɗa mata mana."

Ya harare ni. "Namiji da gorar nono a tsakar ruga? Har jikokina sai an yi musu gori. Ita ma kunyar sai ta fi ciwon."

Dabara ce ya yi. Ya tuna wata rana ya kai kindirmo gona a kan keke, ya tarar da ɗigon mai a sama, saboda gargadar hanya ta girgiza shi. Shi ne a safiyar Litinin ɗin nan ya ɗaure gora a kariyar bayan keke da igiya don ya gwada. Ramin farko gorar ta yi tsalle, murfin ya fashe, saman kindirmon da Adda ta daɗe tana tarawa ya tafi cikin rairayi. Abin da za ta iya tarawa kafin Juma'a zubi ɗaya ne. In shi ma ya zube, shi ke nan.

Gaskiya ya ba ni tausayi, amma ban nuna masa ba, kada ya raina ni.

Ranar Alhamis muka tafi kasuwar Maigatari wurin Ɗantala mai kayan keke. Ya fito mana da mariƙan roba masu sheƙi, idon Bappa ya tafi kan wani ja. Na murɗa shi kaɗan, ya yi ƙara. Irin wannan in ya sha ranarmu, tsinkewa yake kamar busasshen kara. Ya kawo gorori masu ɗan tsukakken baki na tsotsa, Bappa ya ce, "Ta ina man zai fito? Ta hancina?"

Muka zaɓi gorori biyu masu faɗin baki da murfin murɗawa. Muka cika su da ruwa, muka kife, muka matsa, ko ɗigo babu. Mariƙi kuwa na ƙarfe muka ɗauka, mai ɗan harshe da ke shiga ƙugun gora ya danne ta. Tsohon keken ba shi da ramin noti, sai na kama su da ƙarfen ɗauri, na shimfiɗa robar tib ɗin taya a ciki don kada su zame. Sannan na ɗaga keken na kife shi, na jijjiga a tsakiyar kasuwa har mutane suka fara taruwa. Gororin ko motsi ba su yi ba.

Juma'a da sassafe, kafin rana ta yi zafin narkar da mai, Adda ta fito da ƙwaryarta. Ta ce, "Ni dai ban yarda da wannan shirme ba." Amma da kanta ta zuba da hagu, rabi-rabi don ya samu wurin kaɗawa, ta yi bisimilla, ta sa na murɗe murfi. Ita aka sa ta a mota. Ni na bi Bappa a kekena, wai don in duba aikina, alhali tuwon suna nake hange.

Da muka zo mararraba, Bappa ya bar kwalta mai santsi ya faɗa hanyar amalanke. Duk ramin da mai hankali zai kauce wa, shi nemansa yake. Wani ɗan acaba ya tsaya ya tambaye ni ko tsohon lafiya yake, na ce haka Fulani suke. Haƙorana har karo suke yi, ga ƙugu ya riƙe.

Mun kusa Gumel, tayar gaban kekensa ta nutse a rairayi. Keken ya kife, Bappa ya yi gefe, hula ta yi nata gefen. Na yar da nawa keken na ruga wurinsa. Bai ko duba gwiwarsa da ta goge ba, rarrafe ya yi zuwa keken. Gororin na nan daram a mazauninsu. Ya girgiza ɗaya a kunnensa, muka ji wani abu mai nauyi yana bugun murfi. Ya dube ni, na dube shi, muka hau muka ci gaba.

A zauren gidan suna muka tarar da Adda a zaune, ta ƙi shiga. Ƙwarya da ruwan sanyi na gabanta. Na buɗe gorar farko, ta tuttule. Ga shi nan, rawaya, yana yawo a kan nono. Ta tattara shi da hagu, ta wanke, ta haɗa da na gora ta biyu, ta dunƙula. Bai fi ƙwan agwagwa ba, amma ƙamshinsa ya cika zauren.

Wani dattijo daga dangin miji ya ce, "Malam Dalhatu, ashe ka iya kaɗa nono?"

Bappa ya karkaɗe hularsa. "Ni ban taɓa nono ba. Keke na hau na zo sunan jikana."

Adda ta ce, "Saniyata ce, ni na kwantar da shi, ni na zuba, ni na dunƙula. Shi dako kawai ya yi."

Ta miƙe. Sai na ga ta kamo hannun damanta da ya daɗe a rataye, ta buɗe tafin, ta ɗora 'yar ƙwaryar a kai, ta tallafe daga ƙasa da hagu. Haka ta shiga gidan, kai a sama. Muna jin Tayyiba ta ce, "Inna, har da man?" sai guɗa ta tashi.

Bappa ya sunkuya yana taɓa birkin kekensa, ya daɗe bai ɗago ba. Na san birkin, babu abin dubawa a jikinsa, amma ranar ban tsokane shi ba.