Gishiri a Shagon Misis Pengelly

Mu mutanen Ingila, ko da ƙuda aka kawo mana abinci, in aka ce "Yaya abincin?" sai mu washe baki mu ce, "Ya yi daɗi, mun gode." Halin nan ya daɗe yana ci mini rai, amma ni ma ban fi kowa ba.

Duk bazara in ni da matata Beryl za mu Cornwall wurin ƙanwarta, mukan tsaya shan shayin la'asar a hanya. Mun gwada manyan otal na Bath, mun gwada na bakin teku inda tsuntsaye ke wafce maka kek a hannu, amma babu kamar ɗan shagon Misis Pengelly, a wani ƙauye bayan an haye kogin Tamar. 'Yan tebura ne, da butar shayi sanye da hular saƙa, sai sikon, ɗan dunƙulen burodin nan mai laushi, da ɗuminsa, ka tsaga ka shafa jam sannan ka ɗora kirim. A can jam ne a ƙasa, kada ma ka kuskura ka juya.

Bara abin ya sauya. Tsohuwa ta haura tamanin, hannunta ya fara rikita sukari da gishiri. Gatsa ɗaya na yi wa sikon na ji kamar na kurɓi ruwan teku. Beryl ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta naɗe sauran a hankici ta jefa a jaka. Da aka tambaye mu, muka ce ya yi daɗi.

Makon jiya muka koma. Tun a mota Beryl ta ja mini kunne.

"Clive, ka buɗe bakin nan naka, da ƙafa za ka ƙarasa tafiyar nan."

"Ni me na ce?"

"Ai fuskarka ce ba ta iya yin shiru."

Gishirin na nan, har ya ƙaru. Muka shanye shayi, muka cinye yankan burodi da kokwamba, Beryl kuwa ta faki ido ta yi aikinta na hankici da jaka. Misis Pengelly ta zo kwashe kaya, ta ga faranti tas, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da mu, fuskarta fal murna.

"Kun gani ko? Ina ma Tristan yana nan ya gani da idonsa!"

Tristan shi ne ɗanta tilo, yana Plymouth da iyalinsa.

"Wai harshena ya mutu. Wai in rufe shago in koma wurinsu in zauna a kujera ina kallon bango. Na ce da shi, kai yaro, shekara guda ke nan ko ɓarɓashi ba a dawo mini da shi ba. Da can ma ai ana ragewa! Muddin faranti na dawowa haka, ba mai tayar da ni daga nan."

Na duƙar da kai ina juya cokali a kofin da babu komai.

Ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da wasu sikon biyu a takarda.

"Na hanya ne. Kawo jakar, 'yar nan, in sa miki da kaina."

"Haba Misis Pengelly, ki bar shi, Clive zai riƙe!"

"Clive? Kafin ku kai mota ya cinye. Kawo nan."

Tana dariya ta jawo jakar daga cinyar Beryl ta buɗe. Hankicin ya warware, ga sikon nan, jam ya ɓata tabarau da makullin gida.

Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta yi ta tauna, mu kuwa kamar ƙasa ta tsage mu shige.

"Ban ji komai ba," in ji ta. Ta juyo wurina. "Clive, kai ba ka iya ƙarya. Mene ne a ciki?"

"Gishiri."

"Da yawa?"

Na gyaɗa kai.

Ta waiga sauran teburan. Mista Denzil Roskilly, tsohon maƙwabcinta da ba ya fashin zuwa, ya dafe aljihun kwat ɗinsa da ya kumbura. Wasu mata biyu masu yawon tsaunuka suka sa ƙafa suna tura jakar goyonsu ƙarƙashin kujera. Duk a kan idonta.

"Har da kai, Denzil?"

Dattijon ya kasa ɗago kai.

"Tun yaushe?" ta tambayi Beryl.

"Tun bara. Ba mu so mu ɓata miki rai ne."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta ajiye guntun a faranti, ta goge yatsunta a jikin riga ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar Kirsimeti, a gaban 'ya'yansa, na kira Tristan maƙaryaci. Na ce ginin yake so ya sayar. Tun ranar ko wayarsa ba na ɗagawa." Ta dube mu duka. "Shi kaɗai ya gaya mini gaskiya, ku kuma kuka bar ni na kore shi."

Ta dafa tebur ta miƙe, ta wuce bayan kantar shagon inda waya take. Muna zaune ba mai motsi, muka ji ta ce, "Tristan? Mamarka ce. Don Allah kada ka kashe."