Faifai Biyu Iri Ɗaya

Kwamfutar Baba ta tsufa, kafin ta tashi sai ka dafa shayi ka shanye. Amma a cikinta muryarsa take. Da ciwo ya kwantar da shi, ya riƙa naɗar hirarsa yana ba jikoki labari, yana tsokanar Inna. Tun rasuwarsa, kullum da hantsi sai Inna ta sa a kunna mata.

Da faifan cikinta, wanda komai ke ajiye a kansa, ya fara ƙara kamar ɓera a kwali, na kira Auta, ƙaninmu mai gyaran kwamfutocin ofishinsu. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi.

"Yaya, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Akwai manhajar da ke kwafe faifai gaba ɗaya, har da tsarin da ke tayar da kwamfutar. Sai in juye a sabo, ko ɗigo ba zai ɓata ba."

Don kada a sami matsala, ya zagaye kasuwa ya sayo faifai irin na Baba sak, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Ya baje kaya a teburin falo, ya jona su. Manhajar ta nuna faifai biyu, suna ɗaya, ta tambayi wanne za a kwafa, wanne za a shafe a zuba masa. Auta ya duba, ya sake dubawa, ya danna.

Aiki ya ƙare da wuri, har na yaba masa. Ya buɗe sabon, wayam. Ya buɗe na Baba, wayam. Ashe sabon da babu komai a ciki ya juye a kan tsohon. Ya gwada duk dabarar da ya sani, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ban iya yi masa faɗa ba. Takaici ne kawai ya cika ni, ina ma mun bar kwamfutar da ƙararta, ko kwana nawa za ta ƙara mana.

Inna ta fito daga ɗaki, ta ja kujerarta kusa da lasifika, ta gyara zama.

"An gama, Auta?"

Ya sunkuyar da kai. Ta karkata kunne, ta jira.

"Ƙara sautin mana, ɗan nan," ta ce. "Ka san kunnen nawa ya yi nauyi."