Hoton da Za a Kai wa Inusa

"Ya ce inuwa ta cinye rabin fuskar," in ji tafintan Nasara. "A kawo farin ƙyalle mai faɗi a tare rana da shi, hasken ya dawo kan tsohon."

Ɗan'azumi ya dubi maƙwabcinsa Sallau, wanda aka tallabo daga shimfiɗa aka jingina da bangon zaure. Tun kaka tari ke cinsa, har wuyansa ya koma kamar karan dawa. Amma da ya ji wani Nasara, wato Bature mai akwatin hoto, ya sauka a Matameye, kuma zai bi ta barikin Damagaram inda aka kai ɗansa Inusa soja, sai ya kafe a fito da shi. So yake yaron ya ga fuskar ubansa, ko da a takarda ne.

Farin ƙyalle mai faɗi kuwa ɗaya ne tak a gidan, kuma duk unguwa ta san na mene ne.

"Shiga ka ɗauko likkafanina," in ji Sallau. "Yana cikin adudu."

"Haba, yaya! Da ranka?"

"To zaman me yake yi? Bari ya fara koyon aiki."

Babu wanda ya yi dariya. Ɗan'azumi ya ɗauko ya ware. Hasken la'asar ya bugi ƙyallen ya zubo kan Sallau, fuskar ta fito fes. Matan da ke leƙe ta saman darni suka janye kawunansu ɗaya bayan ɗaya.

Nasara ya cusa kai cikin baƙin zane a bayan akwatinsa mai ƙafa uku, ya daɗe yana gyare-gyare, sannan ya fito ya kama murfin idon akwatin.

"Kada ka motsa, baba," in ji tafinta. "Buɗe ido sosai. Riƙe numfashi."

Tarin nan da ya ishi unguwa ya tsaya cik. Ƙuda ya sauka a gefen idon Sallau, ya yi yawonsa, ya tashi. Sallau bai ƙifta ba.

Nasara ya mayar da murfi yana murmushi, yana ta zuba Faransanci.

"Ya ce tun daga garin Kurni bai sami wanda ya natsu kamar wannan tsoho ba. Hoto ya yi."

Ɗan'azumi ya gane rai ya yi halinsa; salati ya zo masa baki, ya danne shi. In ya furta, tafinta zai ji, kuma Inusa zai san hoton gawa aka kai masa.

"In kun ba shi hoton," ya ce wa tafinta, "ku ce kun baro babansa zaune a ƙofar gida."

Baƙin suka shiga ɗaure kaya, babu gaggawa. Ɗan'azumi ya zauna jikin Sallau, ya tokare shi da kafaɗa don kada ya zame, har yana gyaɗa kai kamar mai sauraron hira. Sai da dawakinsu suka ɓace a bayan rumfunan kasuwa, sannan ya miƙa hannu ya rufe masa idanu.