Sifaniyancin Gonar Koko

Salome ta sauka daga acaɓa a unguwar PZ tana tsaki, ta kutsa layin masu kayan gyaran mota tana tattare zane kada baƙin mai ya taɓa ta.

Kafin nan Samaru ta fara zuwa neman mai koya mata Sifaniyanci. Wani malamin jami'a mai gemun akuya ya yanka mata kuɗin darasi mai tsada, ta ce masa yaren ta zo koya, ba ƙasar Sifen ɗin ta zo saya ba. Buƙatarta ai ba ta taka kara ta karya ba. Ɗanta Japheth zai kawo mata jikanta da Kirsimeti, yaron da aka haifa a can Sifen, ba Hausa ba Turanci, ko a waya ya ji muryarta sai ya ɓarke da kuka. Abin yana ci mata rai. A zumuntar matan coci aka ba ta labarin wani tsohon Ibo, Uzodinma, da ya yi ƙwadago a gonakin kokon Turawan Sifen a tsibirin Fanando Po.

Ta same shi a kan benci, singileti duk huji. Wai wannan ne malami! Ta dube shi sama da ƙasa, ta taya darasin kamar tumatir ɗin yamma. Ko musu bai yi ba, wannan ya ƙara zubar da shi a idonta.

Ya fara jero mata kalmomi: tashi, ɗauka, yi sauri, rufe baki.

"Baba, jikana zan tarba, ba jaki zan kora ba," in ji ta. "Yaya ake cewa, sannu da hanya ɗan albarka, me za ka ci?"

Tsohon ya murza wani tsohon notin mota a tafin hannu.

"Madam, duk zaman da na yi a can, ba wanda ya taɓa gaya mini irin wannan."

Ta ɗauki jakarta ta miƙe. Amma ina za ta? Ta koma ta zauna.

"To, 'zo nan' kaɗai fa?"

"Ven aquí!" Ya daka mata tsawa yadda shi ma ya ji ta a gonar koko, har masu shagunan kusa suka waiwayo.

Salome ta maimaita a hankali, ta sake maimaitawa, tana rage murya har ta kai yadda ba za ta firgita yaro ba.